Tangaran ɗin da Ke Ƙarƙashin Gado

Da kafilina, Balaraben da nake wa aiki, ya ce ba zai sabunta mini iƙama, takardar izinin zama, ba saboda na tsufa da tuƙi, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani kwali da ke ƙarƙashin gadona. Tangaran ɗin marigayiya matata ne a ciki, farare masu zanen shuɗi, da ta taho da su daga Damagaram. Ita tana kwance a maƙabartar Ud. Ni kuwa na san kwanukan ba za su isa gida lafiya a jirgi ba.

Na yi wa ɗiyarmu magana, wadda aka haifa nan Riyad, take aure a unguwar Badi'a. Ta ce kicin ɗinta ya cika.

Ana gab da tafiyata ta ce lallai sai ta fita da ni. Ta kai ni gidan tarihi na Murabba, inda aka baje kayan ƙasar Sin. Na sha sauke mutane a ƙofar wurin, amma ban taɓa shiga ba. Muka wuce tukwanen tagulla da suka yi kore don daɗewa, da wata doguwar takarda mai zanen duwatsu cikin hazo. Tana karanta bayanin da Larabci, tana mayar mini da Hausarta mai ɗingishi.

A wani ɗaki mai sanyi ta ja hannun rigata.

"Baba, shuf, duba. Irin na Inna."

Kwanuka ne farare masu shuɗi, an jera su cikin gilashi, kowanne da fitilarsa.

"Na Innarki na kasuwa ne," na ce. "Waɗannan na sarakai ne."

"Kai ina ka san na Inna? Kullum suna kwali." Ta yi dariya.

Ni ban iya dariyar ba. A wurinmu mace tana jera irin waɗannan a bangon ɗakinta, baƙi su gani, su san daga gidan mutunci ta fito. Ba a cin abinci a cikinsu. Matata ta sha roƙona in kafa mata kantar jera su. Nakan ce gidan haya ne, ta bari sai mun koma gida. Na tsaya gaban gilashin nan ina kallon jeren da wasu suka yi wa kayan mutanen da ba su ma sani ba.

Ɗiyata ta daɗe tana duba fuskata.

"Halas, shi ke nan, Baba, kawo mini su. Amma wallahi ni ba zan kulle kwano kamar ɗan fursuna ba. Shorba zan riƙa zubawa a ciki da azumi."

Na buɗe baki in ce mata kayan jere ba na miya ba ne. Sai na tuna ba ta taɓa ganin jere ba, ko na uwarta.

"To," na ce. "Allah ya yi miki albarka."

Washegari na kai mata kwalin. Kowane kwano naɗe yake cikin tsohon zanen uwarta. Tana warwarewa tana sa su cikin ruwan sabulu, tana kankare takardar kanti da har yanzu ke manne a gindinsu. Ta tara zannuwan gefe, ta ce za su yi tsumma.

Na ce ta ba ni su, ba su da nauyi.