Busasshen Rafin Akurba

A duk shekarun da na yi ina aikin duba muhalli, ban taɓa mantawa da ranar Talatar da hancina ya ƙaryata sa hannuna ba. Tunda kun matsa sai Madam Laraba, wato ni, ta ba ku labari kafin ta kwashe kayanta daga ofishin nan, to ku gyara zama. Kai Danjuma, ajiye wayar nan, har da kai nake.

A lokacin ina matakin albashi na goma sha biyu, ni ke riƙe da sashen duba wuraren gini. Sai aka kawo shirin sa manyan motocin bas a cikin garin Lafia, don a rage wa mutane wahalar keke da acaɓa. Layi ɗaya zai taso daga Akurba ya ratsa cikin gari ya bi ta kasuwa. Wallahi ina son aikin nan, domin na san abin da mace mai kaya take sha a bakin titi da rana tsaka. To amma bas ba ta kwana a titi. Dole a gina mata gareji, da wurin canza baƙin mai, da wurin wanki. Aka samu fili a bayan Akurba, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara.

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, ga yadda abin yake tafiya. Kamfanin da aka ba aikin shi zai zana taswira, ya rubuta abin da ginin zai yi wa ƙasa da ruwa da iska da mutanen wurin. Mu kuma mu je mu gani da idonmu, mu cike fom, mu tara jama'ar unguwa mu ji ta bakinsu. Daga nan jami'in da ya duba ya sa hannu, Darakta ya ɗora nasa a kai. In babu hannun farko, buldoza ba ta shiga fili.

A taswirar da injiniyan kamfanin ya kawo, wani Injiniya Bulus, ruwan wankin motoci zai bi gwata, wato magudana, ya gangara wani rafi da ke ƙasan filin. An rubuta cewa rafin busasshe ne, sai da damina ruwan sama ke bi ta ciki ya wuce. Muka je dubawa a tsakiyar rani. Kun san fitarmu: sai an sa hannu a rajista, an jira mota, an jira mai. Sha ɗaya ta wuce kafin mu isa. Na tsaya a bakin rafin da takalmina mai tsini, na leƙa. Yashi ne fari fat, da busasshen ganye, da wasu tsofaffin kwanonin rufi da aka watsar nan da can an ɗora musu rassa. Injiniya Bulus ya ce bola ce mutane ke zubarwa. A fom akwai tambayar ko da ruwan da jama'a ke amfani da shi kusa da wurin. Na rubuta "Babu", na sa hannu.

Taron jama'a kuma a ƙofar gidan mai unguwa aka yi shi. Maza suka cika benci. Suka yi ta tambayar ko za a ɗauki 'ya'yansu direba da kwandasta. Da na tambayi rafi, suka ce ai sai damina. Babu mace ko ɗaya a wurin, ni kuma da nake mace ban tambayi dalili ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Ranar Juma'a ya kamata in miƙa rahoton ƙarshe. Ranar Litinin sai na lura lambar wani turken iyaka ba ta yi daidai da ta taswira ba. Ƙaramin abu ne, amma ni ba na barin irin wannan. Direbanmu, Malam Tanko, ya ce in dai ina son mota sai mu yi sammako, don ƙarfe tara zai kai Darakta wani wuri. Ranar Talata muka isa filin wajen takwas saura.

Ina tsugunne ina goge ƙasa daga kan turken, iska ta taso daga wajen rafi. Na tsaya cak. Ni 'yar Adogi ce, uwata da alabo ta biya mini makaranta. Rogon da aka jiƙa ya kwana uku a ruwa, ko a mafarki na ji warinsa zan gane shi. Na ce, "Malam Tanko, kana jin abin da nake ji?" Ya ce, "Madam, warin rogo ne." Na ce, "To a cikin busasshen yashi ake jiƙa rogo?"

Na cire takalmi na gangara. Na ja rassan da ke kan kwano na farko, na ɗaga shi. Jama'a! Rami ne aka tona a cikin yashi, zurfinsa ya kai ƙugu, ruwa a ciki garau har ina ganin fuskata. Na ɗaga na biyu, haka. Na gangara ƙasa kaɗan, nan kuma ramukan cike suke da buhunan rogo. Abin da muka kira bola, murafe ne.

Sai na ji murya daga bayana. "Madam! Ki rufe mana shi, akuya zai faɗa ciki!"

Wata dattijuwa ce da daro a kai, ta ce sunanta Mama Ladi. Na gaishe ta, na rufe ramin kamar yadda na same shi, na roƙe ta ta yi mini bayani. Da farko ta ƙi, sai da na gaya mata sunan unguwarmu a Adogi ta sauke daron. Ta ce kowane rami da mai shi. Na sama na sha ne, na ƙasa na rogo, ba a haɗawa. Da gari ya waye suke zuwa su ɗiba kafin su tafi gona ko kasuwa, su da matan Fulanin rugar da ke hayin can. Kafin rana ta ɗaga sun rufe ko'ina, saboda ƙura da dabbobi.

Na ce, "Mama, don Allah me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wa ya tambaye mu? Ranar da kun zo, mun ga motar gwamnati daga gona. Mun ce duba-gari ne, za su kore mu saboda rogo. Washegari ma mun ƙara ganye a kai."

Na ɗaga kai na dubi inda bakin gwatar zai fito. Daidai saman ramukan sha ne, ko taku talatin babu. Baƙin mai da sabulun wankin mota za su nutse cikin yashin nan, yashin da ke tace musu ruwa. Kuma takardar da ta ba da hanya, hannuna ne a kai. Raina ya ɓaci, ba da kowa ba sai da kaina.

Da Darakta ya dawo da azahar na shiga wurinsa. Alhaji Sabo, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai haƙuri amma ba ya son a zo masa da magana biyu. Na gaya masa ba zan sa hannu a rahoton ƙarshe ba. Ya buɗe fayil, ya juyo mini da fom ɗin farko.

"Laraba, wannan hannun wa ye?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Abin da na rubuta ba gaskiya ba ne. Ban sani ba a lokacin, yanzu na sani."

Ya ce in san abin da nake yi. An riga an sa ranar aza harsashi, manya sun sani. Jami'in da ya janye abin da ya sa wa hannu, takardar tuhuma ce za ta shiga fayil ɗinsa, kuma ina dab da jarrabawar ƙarin girma. Ya kira Injiniya Bulus a waya ya sa a lasifika. Injiniya kuwa ya hau faɗa: "Haba Madam! Tare muka je fa. Da idonki kika gani babu ruwa. Don ramuka biyu uku za a tsayar da aikin da duk gari ke jira?"

Kun san bakina. Na kusa gaya masa maganar da za ta raba mu har abada, amma na haɗiye. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban roƙi komai ba sai awa ɗaya. Gobe ƙarfe shida na safe ku biyo ni, kai da Injiniya. In kun gani kun ce in sa hannu, sai ku nemi wani ya sa, ni in karɓi takardar." Darakta ya rufe fayil ɗin. Sannan ya ce wa Malam Tanko ya zo gidansa bayan sallar asuba.

Ranar Laraba muka isa gari ya fara haske. Rafin da muka ce babu kowa, cike yake kamar kasuwa. Mata da darurruka da jarkoki, wasu na ɗiba, wasu na matse rogo a ƙasa, matan Fulani da ƙorai a jere suna jiran layi. Da suka ga mota, wasu har sun fara jan kwano za su rufe. Mama Ladi ta daka musu tsawa da yarensu, ta taho wurinmu.

Ba ta yi wani jawabi ba. Abin da ake yi wa baƙo ta yi. Ta ɗauraye moɗa, ta ɗebo ruwa daga raminta, ta ɗan rusuna ta miƙa wa Darakta. "Baba, sannu da zuwa. Ga ruwa." Alhaji Sabo ya yi bismillah ya sha. Ta sake ɗebowa ta miƙa wa Injiniya Bulus. Ya karɓa, moɗar na hannunsa, sai na nuna masa sama da yatsa. Na ce, "Injiniya, ka ga turken can? Nan gwatarka za ta zubo."

Ya dubi turken, ya dubi moɗar. Na ɗauka zai zubar. Wallahi sai ya kafa kai ya shanye tas, ya goge baki, ya ce wa Mama Ladi ya gode. Ya haura wurin mota, ya shimfiɗa taswira a kan bonet, ya ciro fensir. Can ya ce za a iya mayar da wurin wanki can sama ta bakin titi, a gina ramin siminti mai tsare mai kafin ruwa ya fita, amma sabon zane zai ci makonni. Darakta ya juyo gare ni ya ce, "To me kike jira? Rubuta."

Na rubuta. Sharuɗɗan da na sa su ne aka bi: wurin wanki da na canjin mai su koma sama, baƙin mai a tara shi a duro a kwashe, kada katanga ta tare hanyar da mata ke bi, kuma a bar gefen rafin babu gini. Aka ɗage ranar aza harsashi. Darakta ya sha kira daga sama, bai taɓa gaya mini abin da aka ce masa ba. Takardar tuhuma kuwa na same ta, kamar yadda ya faɗa, kuma ƙarin girmana ya makara shekara guda. Tana nan a fayil ɗina har yau. Da magatakarda ya ce zai cire mini ita kafin in yi ritaya, na ce kada ya kuskura. A duk takardun da ke ciki, ita na fi so.

Daga nan ne aka fara abin da kuke ƙorafi a kai, wanda kuke kira sammakon Madam a bayan idona. Eh, ina ji. Kowane fili sau biyu ake zuwa, ɗaya kafin ƙarfe bakwai na safe, kuma a zauna da mata daban a ji ta bakinsu. Mutanenmu ba sa barin abin da suke rayuwa da shi a fili don ma'aikaci ya zo ƙarfe sha ɗaya ya gani. Rufe shi suke yi, wani lokaci ma mu suke ɓoye wa, don sun saba in motar gwamnati ta tsaya, hana su wani abu za a yi.

Makon jiya na hau bas daga kasuwa har Akurba, ni da mata masu buhunan alabo, kowa a zaune kamar 'yar sarauta. Na sauka na zagaya bayan garejin. Mama Ladi ta tsufa, ba ta iya gangarawa, surukarta ce ta ɗaga mini kwanon. Ina jin ƙarar injin wanki daga can sama, ina riƙe da moɗa. Na kurɓa, na juya shi a baki da kyau kamar mai neman laifi. Babu ɗanɗanon komai sai na yashi. Na shanye na nemi ƙari.

Don haka Danjuma, kai za ka gaji teburina. Fom ɗin nan yana da layin "Babu" da yawa, kuma rubuta shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Kafin ka rubuta, cire takalminka, ka gangara, ka ɗaga kwanon.