Ma'aruf da Ƙwallo Mai Danƙo

"Wai wancan mai tumbin shi ne gwanin?"

"Shi ne. Shekara ashirin yana jifa, ƙwallonsa ba ta taɓa tafiya miƙe ba."

"To ƙudajen da ke binsa fa?"

"Magoya bayansa ne."

Ma'aruf Kabo yana jin 'yan kallo suna maganarsa, bai waiga ba. A unguwar Rusaifa, can ƙasa mai tsarki, aka haife shi, aikinsa kuwa cusa dabino a kwali a shagon kawunsa. Bai je neman kurket ba, wasan nan na jifan ƙwallo da bugunta da sanda; kurket ce ta same shi. Wata Juma'a bayan hajji, direbobin bas 'yan Pakistan suna wasa a wani fili kusa da Muzdalifa, ƙwallo ta gangaro ƙafarsa. Ya ɗauka ya mayar musu. Ta doshi gabas, ta dira ƙasa, ta sake shawara ta yi yamma, ta kaɓe turakun nan uku da mai sanda ke karewa. A ranar suka ba shi riga.

Bai iya gudu ba, bai iya bugu ba, in aka cillo masa ƙwallo kaucewa yake. Jifa kawai. Da shi aka ci Jidda, aka ci Ɗa'if har sau huɗu. Shi dai ya ɗauka baiwa ce ta gado. Matarsa Mujahida kaɗai ta san gaskiya, don ita ke kankare danƙo daga mariƙin ƙofa: daga shago yake zarcewa fili, yatsu shaɓe-shaɓe da zumar dabino, ƙwallo ta manne, ta fita tana juyi kamar mazari.

Bana gwiwa ta fara ƙara. Kyaftin ɗin ƙungiyarsu ya gaya masa ƙiri-ƙiri: wasan yau, in jifarsa ba ta fitar da ko mai sanda ɗaya daga wasa ba, ya ajiye riga.

Sai ga sabon alƙalin wasa. Ya karɓi ƙwallon zai duba, ta ƙi barin tafinsa.

"Ya ammi, baffana, mene ne wannan?"

"Gumi ne."

"Gumi da tururuwa? Yalla, maza, ga sabulu."

Ma'aruf ya wanke hannu tas. Ya yi jifa shida, duk suka tafi sambal kamar titin Jidda. Ta ƙarshen da mai sanda ya zabga, in ji 'yan kallo, sai dai a nemo ta a Arfa.

Aka tafi hutun shayi. Ya zauna yana kallon yatsunsa, ya murza su, ba su kama juna ba. A nan ya gane inda gadon yake. Ya leƙa alƙali, ya ga ya ba da baya yana tsoma biskit. Ya lallaɓa bakin fili inda Mujahida ke zaune da jakarta, ya sassauta murya.

"Hajiya, jiri nake ji. Taimaka min da dabino uku, masu laushin nan. Kar ki haɗa da tsumman goge hannu."