Alewar zinki da tarin Inna

A lokacin ni mutum ne da bai yarda da kowa ba. Mun baro Baruwa da kayan jikinmu, ni da mahaifiyata, muka zauna kusa da Gagamari, ina ƙwadago a gonakin tattasai na bakin Komadugu. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta min wannan. Abu ɗaya gudun hijira ya koya min: duk wanda ya tambayi sunanka da garinku, akwai inda zai kai su. Shi ya sa ba na zuwa likita, don can ma sai an rubuta mutum.

Lokacin tsinkar tattasai Inna ta kamu da mura da tari. A bakin tashar Diffa wani mai tallar magani ya nuna min alewa a kwali, ya ce zinki ce, tsotsa ake yi, kwana biyu mura ta gudu. Ya ce irinta masu agaji ke ba yara masu zawo, ta manya ce suke ɓoyewa. Fuskarsa ba ta kwanta min ba, amma bai tambayi sunana ba. Na karɓa.

Inna ta tsotsa kwana uku, ta ce bakinta kamar ta lashi tsohuwar fartanya, zuciyarta na tashi, ko kunu ba ya shiga. Na koma. Mutumin ya yi dariya, ya kira ni babban yaya, ya ce maganin ne ke kokawa da ciwon, a ƙara mata. Na ƙara. Da ta ƙi, na yi mata tsawa, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce in kashe ta nake so, in bari ta yi la'asar tukuna. Sannan ta buɗe baki. Rana ta takwas numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Mai gonar da nake wa aiki ne ya ɗora ta a amalanke zuwa likita, bai ko shawarce ni ba.

Majo, shugabar masu jinya, ta rubuta sunanmu, ta saurari ƙirjin Inna, ta ce ciwon ya daɗe da sauka huhu. Na nuna kwalin. Ta ce ko a kan mura likitoci ba su gama yarda da alewar ba, wasu na cewa tana ɗan rage kwanaki, wasu na cewa babu tabbas. Ciwon huhu kuwa, ta ce, alewar ba ruwanta da shi. Inna ta tashi bayan allurai, amma har yau sai ta zauna sau biyu kafin ta kai bakin rijiya.

Ko alewar na maganin mura, ban sani ba, kuma ina shakka. Na dai san na zargi masu iya ceton ta, na bi wanda zuciyata ta ƙi. In tarin tsohonku ya haɗu da zazzaɓi da haki, ku bar tsotse-tsotse, ku kai shi likita a ranar. Inna ba ta taɓa yi min gori ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi.