Ranar da Na Miƙa wa Baffa Shayi Mai Sanyi

Abubuwa da yawa sun faru a shekarar da na gama jami'a na dawo gidanmu a Sabon Birni, kuma mafi yawansu sun fara gushewa daga kaina. Amma ranar da na miƙa wa aminin mahaifina shayi mai sanyi, wannan kam ba za ni taɓa mantawa da ita ba. Har yanzu in na tuna sai gabana ya ɗan faɗi kafin dariya ta biyo baya, domin a ranar saura kaɗan, a ganina dai, in raba abotar da ta girme ni.

Ya kamata in fara da cewa ni mutum ne mai yawan fargaba. Kimiyyar abinci na karanta, kuma ina jin karatun ƙara mini tsoro ya yi maimakon ya rage. Da na dawo na tarar likita ya hana Baba yawan sukari da shayi mai kauri. A wurinmu kuwa wannan ba ƙaramin hani ba ne. Shayi a nan shi ne wanda ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, a juya shi har ya yi kumfa, a sha da zafinsa zagaye uku ana hira. Shayin da ya huce ba shayi ba ne, saura ne, zubarwa ake yi. In ka miƙa wa baƙo irinsa, to ka faɗa masa matsayinsa a wurinka ba tare da ka buɗe baki ba.

Bazara ce ta shigo da irin zafin nan da ko tabarma ba ta takuwa da rana. Ina ganin Baba yana zaune a zaure cikin gumi, ga kewar shayi, sai na tuna wani abokin ɗakina a makaranta da yake sanyaya shayinsa. Na fara gwadawa a ɓoye. Na farko na dafa ganyen na bar shi cikin ruwan har ya huce, ya fito da ɗaci da bauri kamar jiƙon sassaƙe. Daga nan na gane sai an tace ganyen da wuri, bayan ɗan jim kaɗan, a sa sukarin da za a sa tun da sauran zafi don ya narke, sannan a bar shi ya huce. Sai matsalar ƙanƙara. Akwai maƙwabcinmu mai firji na hasken rana da ke sayar da ita a leda, amma ban san ruwan da yake ɗaurawa ba, kuma kunya ta hana ni tambaya. Saboda haka ban taɓa jefa ƙanƙarar cikin shayin ba. Zuba shi nake yi a kwalba, in rufe, in binne kwalbar cikin ƙanƙara a kular ruwan sanyi.

Daga baya na samo hanyar da ta fi kwanta mini a rai. Sai in tafasa ruwa, in bar shi ya huce, in zuba ganyen shayi da na'a-na'a a ciki bayan sallar asuba, in rufe kwalbar in sa ta cikin randa. Kafin azahar ya jiƙu, ba ɗaci, ba kauri, sai ƙamshi. In tace, in matsa lemun tsami kaɗan. Kullum kwalba biyu nake yi, ɗaya da lemu, ɗaya babu, wai ko lemun zai taɓa cikin Baba wata rana. Bai taɓa taɓawa ba, amma ban fasa ba.

Inna ce ta fara kama ni. Ta buɗe randa ta ga kwalabe, ta ce, "Mun kai ka jami'a, abin da ka koyo ke nan? Mutane na neman wutar dahuwar shayi, kai kana kai shi randa?"

Baba kuwa da ya kurɓa sau ɗaya sai ya sake kurɓa. Ya ce, "Kada kowa shi ji. In 'yan majalisarmu ta hira sunka ji, na shiga uku." Tun daga ranar a cikin gida yake sha, bayan ya tabbatar ba kowa a zaure.

Wanda muke kira Baffa kuwa Bafulatani ne makiyayi, rugarsu can wajen Tsamaye. Ba mu haɗa jini ba, amma tun suna samari suke tare da Baba, kuma shanun gidanmu kaf a hannunsa suke. Baba ba ya kiransa sai "Bahillace", shi kuma ya mayar masa da "Kaɗo", wato Bahaushe a bakin Fulani, a yi ta tsiya har a tashi. Da al'amura suka lalace a yankinmu, hanyoyi suka daina biyuwa, layin waya ya ɗauke, sai Baffa ya ɓace. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ba shi ba labarinsa. Mutane suka fara shigowa zaure da maganganu: wai ya sayar da shanun, wai ya tsallaka iyaka da su, wai yanzu ba a san na kirki ba. Baba bai taɓa amsa wa kowa ba. Amma na lura ya daina ambatonsa, kuma wannan shirun ya fi damuna.

Ranar da nake ba da labari Inna ta tafi suna a garin Isa, daga ni sai Baba a gida. Bayan azahar muka ji sallama. Baffa ne tsaye a ƙofar zaure, ya rame, leɓɓansa sun tsage, da gora a hannu. Na shimfiɗa tabarma na kawo ruwa ya sha. Sai na ji Baba ya ce, "Sannu da zuwa, Malam." Shi kuma ya amsa, "Mun same ku lahiya, Alhaji?"

Malam da Alhaji. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sun kira juna haka ba. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka haɗu a mota, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, sai magana ta ƙare. Baba yana jan carbi, Baffa yana kallon bango. Can Baffa ya ce ba zai daɗe ba, dole ya kama hanya kafin la'asar, don mai babur ɗin da ya kawo shi ba ya bin hanyar in rana ta yi sanyi.

Baba ya ce mini, "Tashi ka hura wuta."

Na shiga gida. Tun da aka hana Baba shayi ba wanda ya taɓa kurfotin, murhun gawayin da ake dafa shi, gawayin da ya rage duk ya zama gari. Na hura, na fifita, hayaƙi kawai yake yi. Ina leƙen zaure ina ganin dattawa biyu zaune kamar masu jiran hukunci. A raina na san in Baffa ya fita gidan nan ba a sha shayi ba, ba a yi dariya ba, to da wuya ya sake dawowa, kuma Baba ba mai bin mutum ba ne. Na dubi randa. Na ce a raina, mutumin nan ya sha rana, abu mai sanyi zai yi masa daɗi kafin wuta ta kama. Sai wata zuciyar ta ce, ka san abin da shayi mai sanyi yake nufi. Na ɗauko kwalbar, na mayar, na sake ɗaukowa. A ƙarshe na zuba a kofi biyu na fita.

Na durƙusa na fara bayani. In ban manta ba na yi maganar zafin jiki, na yi maganar tafasasshen ruwa, har na ce ba wai shi ne shayin ba, na gaske yana zuwa, wannan kamar share fage ne, in bai so ba babu komai. Ban jin Baffa ya ji ko kalma ɗaya. Ya ɗauki kofin, sanyin ya taɓa tafinsa, ya sunsuna, sai ya ajiye a hankali. Bai dube ni ba, Baba ya duba.

Ya ce, "Ashe har mun kai nan, Alhaji? Ni anka kawo ma shayin da yak kwana?"

Ya fara laluben takalminsa. Duk bayanin da na tanada ya ƙare, kuma na ga ƙara shi ba abin da zai gyara.

Baba bai yi mini tsawa ba, bai kuma ba shi haƙuri ba. Hannu kawai ya miƙa, ya wuce nasa kofin, ya ɗauki wanda Baffa ya ajiye, ya shanye tas har muna jin haɗiyarsa. Ya goge gemu. Ya ce, "Tun shigowar bazara shi nika sha. Likita ya hana ni mai zahi mai kauri. Ɓoye nika yi cikin gida kamar ɓarawo, kada a yi man dariya. Duk garin ga kai ka fara gani."

Baffa ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya dubi Baba, ya dubi kofin, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya ce, "Kaɗo! Ashe tsuhwa ta kama ka! Kai da ka shan zagaye uku ka nemi na huɗu, yanzu jiƙo aka ba ka kamar jinjiri?"

Baba ya ce, "Sha ka ji, Bahillace, ka bar surutu. Kai da ba ka san komi ba sai nono."

Wallahi da na ji sunayen nan biyu sun dawo, sai da na zauna a ƙasa.

Baffa ya ɗauki ɗaya kofin ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai gwada magani. Ya ce, "Ba laihi, ɗan boko. Amma abin ga maraya na, ba ya da uwa." Ya jawo gorar da ya zo da ita, madara ce da matarsa ta dafa da asuba. Na san da lemun tsami a kofin nan. Na san sarai abin da zai faru. Amma ina can ina neman yadda za ni faɗa masa cikin ladabi, har ya riga ya tuttula. Nan take madarar ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji tana yawo a saman kofin.

Ya ɗaga kofin sama yana kallo, ya ce, "Kaɗo, ɗanka ya kashe man madara. Wanga boko ko saniya ba ta yarda da shi ba."

Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar tasa tun kafin in dawo daga makaranta. Ni kuma na tuna da kwalba ta biyu, wadda babu lemu. Na ruga na ɗauko, na daka citta kaɗan na zuba, muka sa madarar. Wannan karon ta zauna lafiya, ta yi fari-fari, ga sanyin randa. Baffa ya sha kofi biyu. A iya sanina ranar ce kaɗai yawan fargabata ta taɓa amfanar wani.

Yana cikin sha ne, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Shanunka na nan. Da abin ya yi tsanani arewa na kora su, ƙetaren iyaka, wajen dangin matata. Jar nan mai karyayyen ƙaho ta mutu a hanya, ban iya ceto ta ba. Sauran sun hayayyahwa. Babu waya, kuma ban yarda in aiko kowa ba. Na ce sai na zo da bakina."

Baba ya ce, "Na tambaye ka?"

"Ba ka tambaya ba. Shi yas sa na hwaɗi."

Baffa ya ajiye kofin. Can Baba ya ce Allah ya mayar da alheri, jar nan dama rigima ta yi mata yawa, kamar mai kiwonta.

Wutar ba ta kama ba sai da mai babur ya fara danna ƙaho a waje. Na dafa shayin da sauri, ko kumfar kirki bai yi ba. Baffa ya karɓi finjali ɗaya ya sha a tsaye, wai kada a ce ya shigo gidan Kaɗo ya fita bai ƙona harshe ba. Sannan ya juye sauran madarar a kwano, ya miƙo mini gorar ya ce in cika masa da na randa. Na cika, na naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma don ta riƙe sanyi, ina ta faɗa masa kada ya bari ya kwana, kada ya ajiye a rana. Ya ce, "To, likita, na ji."

Shekaru sun ɗan ja yanzu. Baffa yana zuwa duk lokacin da hanya ta yi kyau, kuma in bazara ce tun daga ƙofa yake tambaya ko akwai jiƙon tsofaffi. Baba ya daina ɓoyewa, a zaure yake sha, 'yan majalisa sun yi dariyarsu sun gaji, wasu ma har da kofinsu suke zuwa.

Na daɗe ina juya abin a raina, kuma ba za ni ce na gama fahimtarsa ba. Amma abin da na ɗauka shi ne wannan: ba sanyin shayin ne ya ɓata wa Baffa rai ba, tsoron cewa an sauke shi daga inda yake ne. Mutumin da ya shigo da irin wannan tsoron, dogon bayani ba ya isa gare shi, ko da kuwa duk gaskiya ne. Ni na yi ta magana ban gyara komai ba. Baba ya ɗauki kofin da aka ajiye ya sha, ya tona ɗan asirin kansa, shi ke nan. Tun daga ranar, in na ga wanda nake ƙauna yana shakkar matsayinsa a wurina, ina ƙoƙarin rage bayani, in zauna kusa da shi, in sha abin da na ba shi.