Tabon da ke gefen hoto

Yayata ta daɗe tana ɗaukar hoton ƙirji a asibiti, a wani ɗaki mara taga mai ƙofa mai nauyi. Maganarta a wurin aiki ba ta wuce "Ja numfashi, riƙe, saki." Da ita muke tsokanarta a gida idan ranta ya ɓaci.

Da goyo a baya ta yi digiri na biyu a fannin kwamfuta. A teburin cin abinci, yara na ja mata zane, ta haɗa wata manhaja da ke duba hoton ƙirji ta faɗi ko akwai tarin fuka. Da tsofaffin hotunan asibitin ta koya mata, kuma da wuya ta yi kuskure. Da wata jami'a ta buɗe gurbin digirin digirgir na mutum ɗaya, kan sa kwamfuta gane cuta, wannan aikin Yaya ta tura. Aka kira ta ganawa.

Ana saura kwanaki, mijinta, wanda direba ne, ya je gwajin lafiya na wurin aiki. Babban injin hoto ya lalace, sai ta ɗauke shi da ƙaramin da ake turawa gadon waɗanda ciwo ya kwantar. Likita ya ce ƙirjinsa fes. Da wasa ta ba manhajar hoton, sai ta ce tarin fuka ne.

"Uwar gida," in ji shi, "ni da ko mura ba ta kama ni? Ko gajiya kika yi da ni?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta gano. Ƙaramin injin yana barin ɗan tabo a gefen kowane hoto, kuma yawanci masu jin jiki ake ɗauka da shi. Ashe tabon manhajar ta haddace, ba huhu ba.

Na ce, "Yaya, wa ya sani in ba mu ba? Ki bari sai sun ɗauke ki."

"Ƙanena, ranar da za ta ce wa mai ciwo lafiyarsa ƙalau saboda babu tabo, kai za ka je yi wa iyalinsa bayani?"

Ranar ganawa, hoton mijinta ta fara nuna musu, ta ce sakamakon da ta tura ba abin dogaro ba ne. Ta ce ɗakin ya yi tsit har tana jin ƙarar fanka. Daga nan wata farfesa ta tambaye ta yadda za a hana manhaja irin wannan satar amsa. Yaya ta ce ba ta sani ba tukuna, abin da take so ta bincika ke nan.

Ita suka ɗauka, kuma a kan wannan tambayar take aiki har yanzu. Mijinta kuwa, duk baƙon da ya shigo sai ya dafa ƙirji ya ce, "Gaida huhun da ya kai ta jami'a."