Wa Zai Tura Gadon Baba?

Tabotaki zuwa Buza

Tun ladan bai kira asalatu ba muka bar Tabotaki, tsakiyar daminar shekarar da yaƙin Turawa ya ƙare. Raƙumi ne ya kayar da mahaifina ya karya masa ƙwauri. Ɗorin gida ya ƙi kamawa, ƙafa ta kumbura har ta fara wari, aka ce in ba likitan Madawa ba, sai dai a jira ikon Allah. Muka ɗora shi bisa takarkari, ni da Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, tsohon soja wanda bakinsa ba ya hutu. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kama sunana ba. Tun ina rarrafe "kai wane" nake.

Duwatsun Adar ba su san mara lafiya ba. Duk takun da san ya yi sai Baba ya cije leɓe. Da la'asar muka shiga Buza. Gardi, ɗan sandan Nasara, ya tare mu yana neman takardar tafiya, ya ɗaga zanen da ke kan ƙafar, ya toshe hanci, ya ce mu wuce. Wani mahauci abokin Kawu ya sauke mu, aka kawo tuwon dawa da miyar lalo. Nan muka kwana.

Bakin ƙorama

Kashegari da hantsi muka iske abin da nake tsoro. An sheƙa ruwa a kan tudu, ƙoramar da muke takawa da rani ta cika fal, ja wur, tana jan karare. Babu jirgi a nan. Gadon kara ne ɗaure bisa manyan goruna, mai iyo ya tura daga baya. Sarkin fito, wanda ya tsufa yana tura shi, ƙirji ya kama shi bana, yana zaune a gaɓa yana tari.

Ya nuna wani ƙato mai suna Jatau, ya nuna wasu 'yan'uwa biyu sirara, Anaruwa da Tanko. Ya ce, "Ku zaɓa. Jatau shi ɗai shika turawa, sak, ba shi son kowa kusa. Waɗanga su biyu na, ladansu ya hi, kuma in guda ya hi guda ƙarhi, gado juyawa shikai."

Ni Jatau na so. Wannan damtse, ai ko sa ya tura.

Kawu ya ce, "Wayyo ɗan ƙauye! Ni na shiga jirgin Nasara mai moter guda, inji ke nan, a Yamai. Tsakiyar gulbi moter yam mutu, munka bi ruwa awa kashin shanu. Mai moter biyu ko, in guda ya mutu, guda ya kai ka."

Jatau ya tsartar da yawu. "Ni moter na? Biyu ai gardama ta. Tuwon mutum biyu ba shi nuna."

Rana tana hawa, ƙudaje suna bin ƙafar, mu muna ta musu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai Baba ya buɗe ido.

"Kai wane. Ka taɓa ganin na shibka hatsi ban sa wake ba?"

Magana ta ƙare. Aka ɗaure shi a gado, 'yan'uwan nan suka shafa mai, suka yi bisimilla, kowa ya kama kusurwa. Ni ban iya iyo ba, sai na tsaya riƙe da igiyar sa.

Sun kai tsakiya ke nan, kututturen gawo ya ɓullo daga sama yana birgima. Ya bugi Tanko a kafaɗa, ruwa ya yi gaba da shi. Gado ya juya, ya sake juyawa. Cikin rurin ruwan nan na ji an ƙwala kira.

"Abdu! Abdu!"

Muryar Baba ce, sunana yake kira. Na durƙusa cikin laka.

Anaruwa bai bi ɗan'uwansa ba. Ya ja jiki ya koma tsakiyar gadon ta baya, ya daina faɗa da ruwa, ya bi shi a karkace sannu sannu. Can ƙasa nesa, inda mutum ya zama kamar tsuntsu, suka dafa gaɓa. Tanko kuma aka tsamo shi a reshen bagaruwa, hannu a goce.

Jatau ya ce, "Da ni na, da mun wuce kahin iccen ga shi iso." Wataƙila gaskiyarsa. Har yau ban sani ba.

Madawa, da komowa

Ni ma aka ƙetarar da ni rungume da gora, ido a rufe. Kawu ya tsaya da sa sai ruwa ya janye ya biyo mu, mu kuwa muka ari jaki, muka shiga Madawa bayan magariba. Likita ya yi ta faɗa, ya yanke yatsu biyu, amma ƙafa ta tsira. A gidan wata gwaggon Kawu muka zauna har aka fara yankan hatsi.

Da za mu koma, ƙoramar ta zama rairayi, 'yan fito sun tafi gona. Baba ya ce a sauke shi. Ya dogara sanda har tsakiya, ya tona yashi da bakinta.

"Ashe nan na?"

Ina ta jira ko zai sake kama sunana. Ya dube ni, ya kau da kai.

"Kai wane, jawo san mu tahi."

Muka iso Tabotaki lafiya, mata na guɗa. Na gode wa Allah, na gode wa Anaruwa da Tanko, waɗanda muka aika wa damin hatsi da na wake. Baba ya rayu shekaru bayan haka, amma sunana a bakinsa, sau biyun nan ne kaɗai.