Farin da Ya Hau Murjanin Yaya

Shekarar da aka mai da ni ƙaramin asibitin garinmu, Isa, ita ce shekarar da yayana ya baro Legas. Aikina wankin gyambo ne da ɗaurin bandeji. Shi kuwa ya daɗe a wani shago da ke sayar da kifin ado da halittun teku, yana kula da tankunansu. Da mahaifinmu ya rasu, gonar gero ta rasa mai tsayawa a kanta, sai ya dawo gida. Cikin kayan da ya sauke daga mota har da akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, da buhun gishirin teku, da murjani mai rai guda uku a ƙulle cikin ledoji.

Inna ta leƙa, ta ce murjanin da ta sani ja ne, a wuya ake sa shi. Yaya ya ce wannan dabba ce, ƙashi a ciki, siririn nama a bisa. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma sake leƙawa ba.

Ya girka tankin a ɗakinsa, ya haɗa masa fitila da ɗan injin juya ruwa a kan sola. Ba ya zuba masa ruwan rijiya. Tataccen ruwa wani direba ke kawo masa a jarka daga Sakkwato, shi kuma ya dama gishiri a ciki. Haka aka yi wata biyar lafiya.

A tsakiyar bazara hanya ta ƙi biyuwa saboda 'yan bindiga, motoci suka daina zuwa kusan mako uku. Zafi na ƙafar da ruwan tankin kullum. Da jarkokinsa suka ƙare, sai ya riƙa cikawa da ruwan burtsatsen unguwa.

Wata safiya ina shirin fita aiki ya kira ni.

"Ke da ke ganin ciwo kullum, zo ki duba min wanga. Mi ya yi kama da shi?"

Ɗayan ukun ne, mai rassa kamar ƙahon barewa. Daga gindinsa naman ya janye, farin ƙashi ya fito kamar faɗin farce.

"Yaya, ci yake yi ko ya tsaya?"

"Shi nika son sani."

Na ce ya yi yadda muke yi da gyambo, a auna yau, a sake aunawa gobe. Ya ɗauki hoto da waya. Washegari farin ya hau da kamar ƙwayar dawa. Ya ce da sauƙi, akwai irin da ke tuɓe naman gaba ɗaya tsakanin hantsi da la'asar.

Ya fara da zargin ƙwari. Ya ciro murjanin, ya tsoma shi a kwano mai ruwan tanki da 'yan ɗigon maganin aidin, ya kaɗa a hankali. Muka duba ƙasan kwanon, ba abin da ya faɗo. Ya duba ko murjanin da ke kusa da shi a tankin ne ke harbinsa, ya ga akwai tazara tsakaninsu. Gishiri daidai. Zafin ruwa ya ɗan wuce kima. Daga ƙarshe ya ɗebi ruwan tankin a 'yar kwalba yana ɗiga maganin gwaji har launi ya juya, ya maimaita, sannan ya gwada na burtsatsen.

"Ni na jawo," ya ce. "Ruwan nan kanwa gare shi."

Ya tsaya yana juya murjanin a hannu. Na gane ba ya son yankawa. Na ga irin wannan tsayuwa wurin dangin majinyata.

"In ka bar shi zai kai sama," na ce. "Kuma in za a yanke, ba a bakin ciwon ba. A shiga cikin mai lafiya."

"Na sani. Na yi wa na mutane ba adadi." Ya miƙo min almakashin ƙarfe. "Ke yi. Za ni riƙe."

Ƙashin ya fi yadda na zata tauri, yana karyewa da ƙara kamar alli. Na cire rassa huɗu, kowanne nesa da farin. Ya sake tsoma su a aidin, ya ɗauraye, ya manna kowanne da gam a kan ɗan dutse. Gindin muka fitar daga tankin.

Saura ruwa. Ya daina zuba na burtsatse. Ya naɗe tankin da jiƙaƙƙen buhu yadda ake yi wa randa, ya sa fanka tana kaɗa saman ruwan. Da hanya ta buɗe, direban ya kawo jarka shida. Bai canza ruwan a tashi ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ya yi, don ya ce sauyin gaggawa ma kisa yake.

Cikin mako ɗaya, biyu daga rassan huɗun suka yi fari fat, ya zubar da su. Na uku ya yi ta jan jiki har faɗuwar damina, sannan ya bi su. Na huɗun, wanda ya fi ƙanƙanta, naman ya rufe wurin yankan, ya fara malala a kan dutsen. Yaya ya nuna min ranar da zai fita shuka, da sungumi a kafaɗa. Na duba, na ce ya warke, na wuce asibiti.